Ƙugin lantarki a kayan jita: inda yake fitowa da yadda ake maganinsa ba tare da an sayar da rai ba

A duk inda aka kafa rumfa aka jera lasifika, daga Nima da Mamobi a Accra har zuwa zangunan Kumasi da Tamale, akwai wani baƙo da ba a aika masa goron gayyata, amma shi ke riga kowa isowa. Ana kunna amfilifaya, tun mai jita bai taɓa tsirkiya ba, sai ka ji shi: huuummm, kamar an saki amyar zuma a cikin akwati. Mai jita ya taka feda ɗaya, ƙugin ya ninka. Ya taka ta biyu, sai jama'a su fara waige suna neman mai kula da sauti.

Waɗanda ke wannan sana'a sun san abin ba na wasa ba ne. Yaro zai yi wata da watanni yana tara kuɗi ya sayi fedar sauti, wato ƙaramin akwatin nan da ake takawa da ƙafa don a sauya muryar jita. Ranar da ya jona ta ya ji ƙugi, sai ya ce an sayar masa da jabu, ya kai ta kasuwa a kan asara, ya sayo wata, ƙugin na nan daram. A situdiyo kuwa, waƙar da aka kwana ana ɗauka kan tashi a banza saboda wannan ƙara. Mafi muni shi ne wanda zai ɗauki filaya ya karya ƙafa ta uku ta fulogi, ya ji ƙugin ya ragu, ya ce alhamdu lillahi, alhali ya ɗana wa kansa tarko.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Kowane ƙugi yana da ƙofar da ya bi ya shigo, kuma ƙofofin ba su da yawa. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa zai gano tasa, galibi ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba.

Muryar wutar gari ce

Wutar da ke zuwa gidajenmu a Ghana, ko daga madatsar Akosombo ko daga sauran tashoshi, ba a miƙe take gudu kamar ta batir ba. Kai-kawo take yi sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, da ƙarfin bolt 230. Haka ma adadin kai-kawon yake a Nijar da Najeriya da Kamaru da ƙasashen Turai. A Amurka sau 60 ne. Wannan kai-kawon shi ne ƙugin da kake ji. In kana son ka tabbatar, ɗauki jitar bes ka danna gaɓa ta uku a tsirkiya mafi kauri: sautin da zai fito yana kaɗawa sau 49 a daƙiƙa, kusan murya ɗaya ke nan da ƙugin wutar gari.

To yaya wutar bango ke shiga jita? Duk wayar da wuta ke gudu a cikinta tana watsa wani ƙarfi a kewayenta wanda ido ba ya gani, musamman in an naɗe ta, kamar a cikin taransifoma ko injin fanka ko firiji. Ita kuma jitar lantarki tana da kunne a ƙarƙashin tsirkiyoyinta, wanda makaɗa ke kira fikof. Mayen ƙarfe ne da aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye wajen 8,000 a irin na Stratocaster. Aikinsa ya ji motsin tsirkiya ya mai da shi wuta 'yar kaɗan, wadda galibi ba ta kai bolt ɗaya ba. Matsalar ita ce wannan kunne ba ya tantancewa. Motsin tsirkiya da watsin taransifoma duk ɗaya ne a wurinsa, ya kwaso ya miƙa.

Nan ne fedoji ke shigowa cikin maganar. Fedar da ke sa jita ta yi ruri, wadda ake kira obadiraib ko distoshan, aikinta ke nan ta ƙara ƙarfin abin da aka ba ta, wani lokaci sau ɗari ko fiye. In an ba ta kiɗa ta ƙara shi, in an ba ta ƙugi ta ƙara shi. Ka jera irinta biyu, abin da ta farko ta ninka ta biyu ta sake ninkawa. Shi ya sa sau da yawa fedar da ake zargi ba ita ta haifi ƙarar ba, shela kawai ta yi mata.

Saurara tukuna

Kafin ka kwance komai, tsaya ka kasa kunne, don kowace ƙara tana nuna gidansu.

Ƙugi mai kauri, wanda kake ji har a ƙirji, na wutar gari ne. Ko dai kunnen jita ne ya kwaso shi daga iska, ko kuma ya bi ta wayar ƙasa ya shigo. In ƙugin ya ɗan fi siranta, kamar an ɗaga muryarsa hawa guda, to yawanci daga adafta ne ko amfilifayar da ba ta tace wutarta da kyau, domin irin wannan sau 100 yake kaɗawa a daƙiƙa.

Akwai kuma ziiiz mai kaifi kamar kukan sauro. Wannan ya fi fitowa daga dogon ƙwan fitila, da na'urar rage hasken fitilun dandamali, da fitilun LED masu araha, da cajar waya ko ta kwamfuta.

Shhh kamar ana yayyafi a kan kwano, wannan hucin kayan ne da kansu. Kowace feda tana da nata kaɗan, kuma yana ƙaruwa in an murɗa ƙarfi ya yi yawa.

Tsuwwa siririya da ba ta yankewa kan fito ne in fedar dijital tana cin wuta a kwano ɗaya da sauran. Tit-tit-tit ɗin da ke zuwa gab da kira zai shigo kuwa kowa ya san ta: wayar salula ce a aljihu ko a kan amfilifaya. Ƙaras-ƙaras in an motsa, wannan baki ne ya yi datti ko waya ta fara tsinkewa daga ciki.

Cire komai, ka fara daga tushe

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a gaban fedoji takwas ana taɓa wannan ana murɗa wancan. Hanya mafi sauri ita ce wadda ake gani kamar ta fi tsawo. Cire fedojin gaba ɗaya. Bar jita, waya ɗaya da ka amince da ita, da amfilifaya.

Da farko zare wayar daga amfilifaya ka saurara. In tana ƙugi ita kaɗai ba a jona mata komai ba, to ciwon a jikinta yake ko a soket ɗin bango, fedoji ba su da laifi. In ta yi shiru, mayar da waya ka jona jita, sannan ka murɗe sautin jitar zuwa sifili. Ƙara ta ɗauke? To daga jitar take shigowa. Tana nan? Sauya waya ka sake ji.

In daga jita ne, akwai gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Na farko, rataya jitar ka riƙa juyawa a hankali kamar mai neman tashar rediyo. Za ka ji ƙugin na hawa yana sauka, har ka samu wata fuska da ya kusa ɓacewa. Wannan ya nuna maka akwai abin da ke watso shi a kusa, kuma sau da yawa taransifomar amfilifayarka ce da kanta. Ja da baya taku biyu ko uku, za ka sha mamaki.

Na biyu, ɗora hannu a kan tsirkiya. A jita mai lafiya, ziiiz ɗin zai ragu, domin akwai wata 'yar waya a ciki da ta haɗa tsirkiyoyi da ƙasa, kuma da ka taɓa, jikinka ya daina zama eriya. In bai ragu ba sai ka taɓa ƙarfen bakin waya, to waccan 'yar wayar ta cire. In kuwa ƙaruwa ya yi da ka taɓa, akwai alamar an juya wayoyin bakin jitar a wajen gyara. Duka biyun aikin minti kaɗan ne a wurin mai gyaran rediyo da ya iya riƙe dalma.

Sai bayan ka gamsu da waɗannan ukun za ka fara dawo da fedoji, ɗaya bayan ɗaya, kana saurare bayan kowace. In fedar tana karɓar batir mai bolt 9, fara gwada ta da shi, don babu wutar da ta kai ta batir tsabta. Fedar da ta yi shiru da batir amma ta yi ƙara da adafta ta riga ta faɗa maka mai laifin.

Kunne ɗaya ko kunne biyu

Wannan rigima ta girmi yawancin masu kaɗa jita na yau. Lokacin da kamfanin Fender ya fito da Stratocaster a 1954, kunnuwanta masu naɗi ɗaya ne. Muryarsu garau take, tana ratsa ganguna, amma suna kwasar ƙugi. Wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya nemo dabara: ya haɗa naɗi biyu gefe da gefe, ɗaya an juya shi kuma an juya mayen ƙarfensa. Ƙugin da na farko ya kwaso, na biyu ya kwaso kishiyarsa, sai su kashe juna, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙara kauri. An nemi rajistar wannan ƙirƙira a 1955, kuma a 1957 ta fara fitowa a jitar Les Paul. Ita ake kira hambaka.

Duk da haka makaɗa da yawa ba su rabu da kunne mai naɗi ɗaya ba, saboda muryarsa. Mdou Moctar na Nijar, wanda ya fito daga fagen bukukuwan yankin Agadez har ya zaga duniya, Stratocaster ta bahago yake riƙewa. Masu kiɗan hailaif ma suna son wannan tsabtar murya. Saboda haka ba dole ne ka sauya jita ba. A yawancin jitocin zamani masu kunne uku, an juya na tsakiya da gangan. In ka sa makunnin zaɓi a matsayi na 2 ko na 4, kunnuwa biyu na aiki tare, ƙugin ya faɗi. A wurin da wuta ta yi datti, wannan kaɗai kan ceci dare.

Wata dabarar ita ce a liƙe cikin ramin jitar da bayan murfinta da tef na jan ƙarfe, a tabbatar duk gutsattsarin sun haɗu da juna kuma an jona su da wayar ƙasa ta jitar. In ba a jona ba, aikin banza ne. A sani kuma, wannan rufi yana maganin ziiiz na fitilu da caja ne sosai, amma ƙugi mai kauri na taransifoma yana ratsa shi. Maganin wancan nisa ne da juya fuska.

Abincin fedoji

In aka ce a nuna wuri ɗaya da ya fi haifar da ƙara a allon fedoji, to wajen wuta ne. Yawancin fedoji bolt 9 suke ci, wuta miƙaƙƙiya irin ta batir, kuma a tsarin da kamfanin Boss ya yaɗa, tsakiyar bakin adafta shi ne nagetif. Adaftar dikoda ko ta na'urar intanet da ke yawo a gida sau da yawa bolt 12 ce kuma tsakiyarta fozitif. Bakin zai shiga, amma fedar na iya ƙonewa nan take. Akwai kuma wasu tsofaffin fedoji, irin Line 6 DL4 ta farko, da ke cin wuta mai kai-kawo. Saboda haka kafin ka jona komai, karanta abin da aka rubuta a jikin feda da na jikin adafta, su dace.

Bayan bolt, sai yawan wutar da kowace ke sha, wanda ake rubutawa da mA. Fedar obadiraib ta gargajiya ba ta da ci, da wuya ta wuce mA 10 ko 20. Ta dijital mai maimaita sauti ko mai amsa-kuwwa tana iya shan 100, wasu manyan har 300. Tara na dukkansu. In jimilla ta kai 450 adaftarka kuma 500 ce, ka matse ta, nemi wadda ta fi. Adafta mai mA da yawa ba ta cutar da feda, don feda iya cikinta take ɗiba. Bolt ne ba a wasa da shi.

Sai maganar wayar nan mai baki biyar ko takwas da ke raba wutar adafta ɗaya ga kowa. Tana da araha, kuma in fedojinka uku ne ko huɗu na gargajiya, tana iya yi maka aiki lafiya lau. Rigima na farawa ne in ka sa ta dijital a cikin layin. Ita a cikinta akwai 'yar kwamfuta da ke fizgar wuta da sauri, dattin ya bi waya ya shiga obadiraib, ita kuma ta yi masa shela. Haka ma tsohuwar fedar faz mai jamaniyom, irin Fuzz Face ta asali: tsarin ƙasarta a juye yake, ba ta zama layi ɗaya da sauran.

Cikakken magani shi ne akwatin wuta mai baki keɓe-keɓe, inda kowace feda ke da nata kwanon, irin waɗanda Voodoo Lab da Cioks da Truetone ke yi. Amma a yi hattara, araha ba ta ado. Akwai akwatuna da yawa a kasuwa da aka rubuta musu cewa a keɓe suke, alhali a ciki waya ɗaya ce aka raba. Mai mitar gwaji zai iya tona asirinsu: a cire daga wuta, a auna tsakanin nagetif na baki biyu, in mita ta yi ƙara to a haɗe suke. Wanda aljihunsa bai kai ba, ga hanya mai sauƙi: bar na gargajiya a layi ɗaya, ka ba ta dijital adaftarta ita kaɗai.

Wayoyi, ƙura da tsatsa

Wayar jita tana da raga a cikinta da ke kare siririyar wayar tsakiya daga dattin iska. Wayar lasifika ba ta da wannan raga, ga shi bakinsu iri ɗaya ne, shi ya sa ake yawan musanya su a cikin gaggawa. Ka sa wayar lasifika a jita, ka gayyato ƙugi da hannunka. Gajerun wayoyin da ke tsakanin feda da feda su ma a sa musu ido, don guda ɗaya mai ciwo ta isa ta ɓata allo duka.

Tsawo ma yana da nasa. In waya ta wuce kamar mita 6, muryar jita kan fara dusashewa, ƙara kuma ta samu wurin shiga. Fedojin Boss suna da wani abu a ciki da ake kira bafa, wanda ke ƙarfafa sautin ko da fedar a kashe take, saboda haka sa ɗaya daga cikinsu a farkon layi yana taimakon doguwar wayar da ke tafiya amfilifaya.

Kada ka ɗaure wayar wuta da wayar sauti wuri ɗaya don allo ya yi kyan gani. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Fedar wawa, wadda ake lilo da ita da ƙafa, tana da naɗin waya a cikinta, don haka ita ma kunne ce: nisanta ta da adafta da akwatin wuta, ko da taƙi ɗaya ne.

Sannan ga yanayinmu. Ƙurar hunturu tana shiga kowane baki da kowane maɓalli, iskar teku a Accra da Tema da Takoradi kuma tana sa ƙarfe tsatsa. Maganin fesawa na wanke bakin kayan lantarki, a fesa kaɗan a sa waya a zare sau da yawa, yana kashe mafi yawan ƙaras-ƙaras. A duba goron da ke riƙe bakin feda, in ya saki a ɗaure.

Idan ƙasa ta zama biyu

Wani ƙugin ba ya jin duk waɗannan magunguna. Ka murɗe sautin jita, yana nan. Ka juya gabas ka juya yamma, yana nan. Yakan bayyana ne da zarar an haɗa na'urori biyu da kowace ke da fuloginta: amfilifaya biyu, ko amfilifaya da miksa, ko allon fedoji da kwamfuta.

Abin da ke faruwa shi ne kowace na'ura tana da hanyarta zuwa ƙasa ta fulogi, ga kuma ragar wayar sauti ta sake haɗa su. An samu zobe ke nan. In soket ɗin nan da na can ba daidai suke ba, ko da da ɗan kaɗan ne, sai wuta ta riƙa zagaya zoben tana bi ta ragar wayar sauti, ƙugi ya shiga.

Matakin farko, a jona duk kayan sauti a wuri ɗaya: amfilifaya, fedoji da miksa su sha daga soket guda ta hanyar doguwar waya mai kyau mai ƙafa uku. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. In ba ta ƙare ba, a yanke zoben ta ɓangaren sauti. Akwatin DI da ake sawa tsakanin kayan jita da miksa yana da wani ɗan makunni na ɗage ƙasa, wanda ke raba ragar wayar sauti kawai, bai taɓa wayar kariya ta bango ba. Mai amfilifaya biyu kuma ya nemi akwatin raba sauti mai 'yar taransifoma a ciki. In kwamfutar tafi-da-gidanka ce, zare cajarta ka ji: in ƙarar ta ɗauke, yi ɗaukar a kan batir.

Ƙafa ta uku

A nan ne maganar ta wuce ta daɗin sauti. Doguwar ƙafar nan ta fulogi, wadda masu wayarin ke kira at, ba ado ba ce. Ita ce ke haɗe da ƙarfen jikin amfilifaya. Ranar da wata waya ta tsinke a ciki ta taɓa jikin, wutar za ta bi ta wannan ƙafa ta gudu ƙasa, fis ya ƙone, kowa ya tsira. In an karya ta, ko an bi ta adafta mai ƙafa biyu, wutar za ta nemi wata hanya. Ka tuna tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta ragar waya. Hanyar da ta rage ita ce hannun mai kiɗa, ƙirjinsa, da leɓensa in ya kusanci makirfo. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, wuta ma haka take.

Ba tatsuniya ba ce. A watan Mayun 1972, Leslie Harvey, mai jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya a gaban 'yan kallo, bayan ya taɓa makirfon da wuta ke jikinsa. A 1976, Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidansa yana kaɗa jita. Keith Richards na Rolling Stones ya tsallake rijiya da baya a 1965 a Sacramento ta Amurka, inda jitarsa ta taɓa sandar makirfo wuta ta jefar da shi a sume.

Saboda haka in ka ji makirfo na ɗan tsikarin leɓenka, ko tsirkiya na yi maka kamar cizon tururuwa, kada ka daure ka ce a gama waƙar. Ajiye jitar, a kashe wuta, a nemo mai gyaran wuta. Garin neman gira kada a rasa ido. Akwai ɗan abin gwada soket mai fitilu uku da ake sakawa kamar fulogi, nan take ya nuna ko akwai at ko babu, ko an juya wayoyi. Akwai kuma na'urar RCD mai mA 30 da ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta fara bin jikin mutum. Kuɗin su biyun bai kai na feda mai kyau guda ba.

A ƙara kula da amfilifayoyin gwanjo da ake kawowa daga Amurka. Na bolt 120 ne, sai an bi da su ta taransifomar rage wuta, kuma wasu daga cikin waɗannan taransifomomi ba sa wuce da wayar at. Tsofaffin ma da ƙafa biyu aka ƙera su tun asali, sai ƙwararre ya sauya musu waya. Kada kuma wanda bai sani ba ya buɗe amfilifaya mai ƙwan bawul: akwai abubuwa a cikinta da ke riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare ta daga bango.

In dumsor ta zo

Duk wanda ke kiɗa a ƙasar nan ya san ranar da za a koma kan janareta. Ƙaramin janareta yana ba da sau 50 ɗin nan ne in injinsa na juyawa 3,000 a minti. Da an ɗora masa kaya sai gudunsa ya sauya, ƙugin ya riƙa hawa da sauka. Inbata mai araha ita ma wutarta ba sumul take ba, kuma amfilifaya na jin haka ta yi ziiiz.

Abin da za a iya yi a wurin biki shi ne a raba layi: fitilu da fankoki da firijin sanyaya lemo a gefe guda, kayan sauti a nasu. A ajiye janareta nesa da dandamali, a jawo wuta da waya mai kauri mai jijiya uku, a bar mai gyaran wuta ya duba yadda aka haɗa shi da ƙasa. Fedoji kuwa, a irin wannan rana batir ya fi komai. A tuna dai a zare wayar shiga in an tashi hutu, don muddin tana ciki batir na ci. Don ƙaramin taro, amfilifaya mai aiki da batir irin Roland Cube Street ta raba ka da rigimar gaba ɗaya.

Mai gadin ƙofa

Da yawa daga nan suke farawa, alhali nan ya kamata a ƙare. Akwai fedar da ake kira get, irin Boss NS-2 ko ISP Decimator. Aikinta gadi ne: in ka daina kaɗawa ta rufe ƙofa a yi tsit, in ka taɓa tsirkiya ta buɗe. Ba ta cire ƙugi, ɓoye shi take yi a lokacin shiru. Da ka fara kiɗa yana nan a ƙarƙashi. In ka matsa mata da yawa kuma, sai ta riƙa yanke wutsiyar sautinka tun bai gama mutuwa ba. Tana da amfani ga mai son ruri mai ƙarfi, a sa ta bayan fedojin ruri kuma kafin masu amsa-kuwwa, amma bayan an toshe sauran ƙofofin.

Kafin ma ka saye ta, gwada rage ƙarfin rurin kaɗan. Abin da ke yi maka daɗi a ɗaki kai kaɗai yakan yi yawa a cikin ƙungiya. Ka kuma saba da murɗe sautin jita tsakanin waƙa da waƙa, wannan get ce ta kyauta da tsofaffin makaɗa suka daɗe suna amfani da ita.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A gida ake wannan bincike, rana tsaka, ba a gaban amarya da ango ba. Wanda ya san kayansa shiru suke a gida, in ya je wuri ya ji ƙugi, ya san a wurin matsalar take, ba zai ɓata lokaci yana zargin fedarsa ba. A jakarsa kuma kada a rasa waya ɗaya ta ajiya, batir biyu masu bolt 9, doguwar waya mai ƙafa uku da abin gwada soket. Ɗan ƙugin da ya rage bayan wannan, wanda ba a ji sai an kasa kunne, da ganga ta shigo ya ɓace. Da shi aka ɗauki faya-fayai masu yawa da duniya ke saurare har gobe.